Yadda Ake Zaɓen Harsashin Farautar Elk da Sauran Manyan Namun Dawa

Elk babbar barewa ce ta Arewacin Amurka mai ƙaho reshe-reshe. Mazauninta tsaunukan Roki ne, tun daga jihar Kolorado, wadda ta fi kowace jiha yawansu, zuwa Wayomin da Montana da Aidaho, har cikin yammacin Kanada. Riƙaƙƙen namiji yakan kai kilo 320, mace kuma wajen kilo 225. Wanda ya san gwanki, ya ƙara masa jiki kaɗan, to ya gane girman da ake magana. Ga fata mai kauri, ga gashin hunturu mai yawa, ga ƙashin kafaɗa mai tauri, ga kuma taurin rai. Elk ɗin da aka harba ba daidai ba ba ya kwanciya kusa. Sai ya haura tudu, ya gangara kwazazzabo, ya shige duhuwar itatuwa, ya je ya mutu bayan kwana biyu inda babu mai cin moriyar naman sai hankaki da kyarkeci. Wannan asara ce, kuma zalunci ne ga dabbar.

Masu shirin wannan farauta sukan shafe watanni suna gardama a kan bindiga: wacce ta fi, .30-06 ko .300 Winchester Magnum? Ranar tafiya kuwa sai a tsaya a shago a ɗauki kwalin harsashin da ya fi araha. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Aikin bindiga turawa ne kawai. Abin da ke shiga jikin dabba ɗan ƙarfe ne mai nauyin kimanin giram 10 zuwa 16, kuma yadda aka ƙera shi ne zai sa ko dai ya karya ƙashi ya ratsa huhu biyu, ko ya tarwatse a kan kafaɗa. Abin da ake ɗurawa a bindiga yana da kwanso, da albarushi, da 'yar hular da ke kunna wuta, sai kan da ke fita. A kan wannan kan za mu yi magana.

Mataki na farko: karanta dokar inda za ka yi farautar

Kowace jiha tana da hukumar kula da namun dajinta, kuma tana fitar da littafin ƙa'idoji duk shekara. A Kolorado, dole faɗin harsashi ya kai .24 na inci, wato milimita 6, nauyinsa ya kai giren 85 idan elk za a harba, ya kasance mai buɗewa a cikin jiki, kuma ƙarfin dukansa ya kai 1,000 a nisan yadi 100, a ma'aunin da ake rubutawa ft-lb a jikin kwali. Giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi. Fam guda giren 7,000 ne, saboda haka harsashi mai giren 180 bai kai giram 12 ba. Jihar Kalifoniya kuma tun ranar 1 ga Yuli, 2019 ta hana amfani da harsashi mai dalma a kowace irin farauta. Harsashin soja mai rufaffen baki, wanda ba ya buɗewa, an haramta shi ga manyan dabbobi a yawancin jihohi.

Abin da doka ta faɗa shi ne mafi ƙaranci, kuma ƙarancin ya yi yawa. Ba zan ba kowa shawarar ya tunkari bijimin elk da giren 85 ba, ko da doka ba za ta kama shi ba.

Mataki na biyu: faɗa wa kanka gaskiya game da nisa

Kafin ka duba sunan kowane harsashi, ka amsa tambaya biyu. Wane irin wuri za ka shiga? Kuma har yadi nawa kake iya samun abin da ka saita, kana tsugune ko kana kwance a kan jaka, numfashinka na sama-sama saboda hawan dutse?

A cikin duhuwar itatuwan arewacin Aidaho, harbi yakan zo ne a yadi 40 zuwa 100, dabbar na tafiya, kuma da wuya ta ba ka gefenta sosai. A buɗaɗɗun tsaunukan Wayomin kuwa, za ka iya hango garke a tsallaken kwari, yadi 350, babu ko dutsen da za ka laɓe ka matsa. Waɗannan wurare biyu abu daban-daban suke nema daga harsashi. Na kusa yana isa da gudunsa cikakke, saboda haka haɗarinsa tarwatsewa ne. Na nesa yana isa a gajiye, haɗarinsa ya ƙi buɗewa, ya wuce ya bar ɗan rami ƙanƙane. Rubuta mafi kusa da mafi nisa da kake tsammani a takarda, domin duk lissafin da ke gaba a kansu zai hau.

Mataki na uku: fahimci yadda aka ƙera shi

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan ya kamata mutum ya zauna ya natsu.

Harsashin farauta aiki biyu ake so ya yi a lokaci guda, kuma ayyukan suna karo da juna. Ana so bakinsa ya naɗe baya ya yi faɗi, kusan ninki biyu na kaurinsa, don ya yi ɓarna a huhu da zuciya. Ana kuma so ya riƙe nauyinsa ya nutsa da zurfi. Duk yadda ya ƙara buɗewa, tafiyarsa na raguwa. Duk yadda ya ƙara tauri, ramin da yake bari na tsukewa. Kowace ƙira da za ka gani a kasuwa wata hanya ce ta sasanta waɗannan biyun.

Mafi tsufa shi ne dalma a cikin rigar jan ƙarfe, ba tare da an manne su ba. Remington Core-Lokt, wanda ya fito a 1939, daga wannan gida yake, haka Winchester Power-Point da Hornady InterLock. Suna da araha, suna buɗewa cikin sauƙi, kuma sun kashe elk ba iyaka. Kada kowa ya raina su. Sai dai suna da sharaɗi: ya zama mai nauyi, kuma gudun bindigar matsakaici. Giren 180 daga .30-06, wanda ke fita da gudun ƙafa 2,700 a sakan, ya shiga ta haƙarƙari, zai yi aikinsa. Amma ka ɗauki irinsa mai giren 150, ka harba shi daga magnum, wato bindigar da harsashinta ke ɗaukar albarushi mai yawa, da gudun da ya haura ƙafa 3,200, ya daki mahaɗar kafaɗa a yadi 50, sau da yawa rigar kan rabu da dalmar. Idan aka feɗe irin wannan dabba, in an same ta ke nan, sai a ga kafaɗa ta dagargaje, nama ya yi baƙi da jini, ga 'yan ɓaraguzan ƙarfe warwatse, huhu ɗaya kawai ya taɓu. Elk mai huhu ɗaya yana tafiya mai nisa.

Irin wannan matsala ce ta haifar da gida na biyu. A 1946 wani maharbi mazaunin jihar Oregon, John Nosler, ya harbi mus, wato barewar da ta fi elk girma, a lardin Birtish Kolombiya na Kanada. Kafaɗar dabbar cike take da busasshen taɓo, harsasan bindigarsa .300 H&H suka riƙa fashewa ba su nutsa ba. Da ya koma gida sai ya ƙera harsashi mai ɗaki biyu, da katangar jan ƙarfe a tsakani. Dalmar gaba tana buɗewa da sauri, har ma ta zube, amma katangar ta hana ɓarnar kaiwa ga ta baya, ita kuma ta ci gaba da nutsawa. A 1948 ya fara sayar da shi da sunan Partition. Yakan riƙe kimanin kashi biyu bisa uku na nauyinsa. Har yau da shi ake auna sauran, domin yana buɗewa a nesa, kuma ba ya wargajewa a kusa. Labarin taɓon nan ya shafi elk kai tsaye, saboda bijimai kan yi birgima a cikin laka lokacin barbara a watan Satumba.

Gida na uku su ne waɗanda aka manne dalmarsu da rigar, ta yadda ko sun daki ƙashi ba sa rabuwa. A nan akwai Nosler AccuBond, da Swift Scirocco, da Norma Oryx, da Trophy Bonded Tip da Terminal Ascent na kamfanin Federal. Swift A-Frame ya haɗa dabara biyu, katanga da manni, shi ya sa yake cikin mafi tauri. Waɗannan sukan riƙe kashi 70 zuwa sama da 90 cikin ɗari na nauyinsu, gwargwadon ƙirar. Suna yin faɗi sosai, don haka wani lokaci akan tsince su a ƙarƙashin fatar ɗaya gefen, sun ratsa komai sun tsaya. A ganina, ga wanda zai je farautar elk karon farko, bai san ko harbin zai zo a yadi 60 ko 300 ba, wannan gida da Partition su ne wurin farawa.

Gida na huɗu babu dalma ko kaɗan, jan ƙarfe ne zalla ko haɗinsa. Randy Brooks na kamfanin Barnes ya fito da na farko da ya shahara a 1989, sannan TSX a 2003, mai zobba a jikinsa don rage matsi da dattin da ke maƙalewa a bututu. Daga baya aka samu TTSX da LRX masu tsinin roba, da Hornady CX, da Nosler E-Tip. Idan ka ga wanda aka ciro daga jikin dabba, za ka ga bakin ya tsage kunnuwa huɗu sun lanƙwashe baya, gefunansu da kaifi, gindin kuwa yana nan sumul. A ɗora shi a sikeli, da ƙyar ya rasa giren biyu ko uku. Babu wanda ya kai su nutsawa, kuma kusan kullum sukan fita ta ɗaya gefen. Rauninsu ɗaya ne: suna buƙatar gudu kafin su buɗe da kyau.

Akwai kuma na zamani da aka yi domin nesa, irin su Hornady ELD-X da na Berger. Siririn jiki, dogon tsini, riga mai laushi a gaba. A yadi 400 suna buɗewa da kyau kuma iska ba ta karkatar da su sosai. A kusa, daga magnum, a kan ƙashi mai kauri, sukan zubar da nauyi mai yawa. Masu son su suna da hujja, domin ta haƙarƙari kisansu na da sauri. Amma wanda ya zaɓe su ya ɗaukar wa kansa alkawarin guje wa kafaɗa da haƙura da duk harbin da ya zo a karkace, kuma ba kowa ke iya cika wannan alkawari ba a ranar ƙarshe ta farauta, bayan mako guda bai ga komai ba.

Biyu ne ba sa shiga lissafi sam. Na harbin ƙananan dabbobi, irin V-Max, an yi su ne su fashe da zarar sun taɓa jiki. Na gasar harbin takarda kuma ba a ƙera su don buɗewa ba, har kamfanin Sierra da kansa ba ya ba da shawarar a yi farautar manyan dabbobi da MatchKing ɗinsa.

Mataki na huɗu: zaɓi nauyi

Harsashi biyu masu faɗi ɗaya da ƙira ɗaya, wanda ya fi nauyi shi ya fi tsawo, shi kuma ya fi nutsawa. Ana auna wannan da lambar da kamfanoni ke rubutawa SD, wato nauyi bisa faɗi. Lissafinta mai sauƙi ne: ka raba giren da 7,000, sannan ka raba abin da ya fito da faɗin harsashin a inci sau kansa. Mai faɗin .308 da giren 180 yana ba da .271. Mai giren 165 yana ba da .248, mai 150 kuma .226. Ga elk, idan harsashin mai dalma ne, nemi wanda ya kai wajen .250 ko ya wuce.

A aikace ga yadda abin yake. Mai .270 Winchester ya ɗauki giren 150, wanda lambarsa .279, ya bar 130 ga ƙananan barewa. Mai 7mm Remington Magnum ya ɗauki 160 ko 175. Mai .308 Winchester, 165 ko 180. Mai .30-06, 180 ne gidansa, ko 165 mai tauri. Mai .300 Winchester Magnum, 180 zuwa 200. Mai .338 Winchester Magnum, 225 ko 250.

Na jan ƙarfe zalla ba ya bin wannan ƙa'ida. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka harsashinsa ya fi tsawo a giren ɗaya, kuma tunda ba ya zubar da komai, ba ya buƙatar rarar nauyi. Harsashi mai dalma da ya fita da giren 180 ya riƙe kashi 65 cikin ɗari, da giren 117 ya ƙarasa tafiyarsa. Na jan ƙarfe mai giren 165 da kusan 165 ɗinsa zai ƙarasa. Saboda haka ka sauko mataki ɗaya: 165 ko 168 a .30-06, 130 a .270, 140 zuwa 150 a 7mm. Gudun da ka samu a madadin nauyin shi ne abin da yake buƙata. Tsawon ma yana da nasa sharaɗin. Layukan da ke cikin bututu su ke murza harsashi ya tafi a miƙe, kuma dogon harsashi murɗa mai sauri yake so. Yawancin bindigogin .30-06 da .270 suna juya harsashi sau ɗaya a kowane inci 10. Idan kwali ya ce harsashin na buƙatar juyi ɗaya a inci 8, ba na bindigarka ba ne.

Akwai tambayar da ake yawan yi kan bindigar 6.5 Creedmoor, wadda ta fito a 2007 ta cika kasuwa. Tana kashe elk, babu musu. Mafarautan Suwidin da Nowe sun fi shekara ɗari suna kashe mus da 6.5x55, wadda ƙarfinta kusan ɗaya ne da ita, amma da harsashi mai nauyi irin giren 156, a nisa kaɗan. Wannan ne darasin. Harsashi mai tauri, giren 140 ko sama in mai dalma ne, nisa bai wuce yadi 300 ba, dabbar ta ba da gefe. Ba ta da rarar da za ta gyara maka kuskure.

Mataki na biyar: lissafa gudun da zai isa da shi

Gudun da ke rubuce a kwali na bakin bindiga ne. Wanda ya shafe ka shi ne wanda harsashin zai daki dabba da shi. Yawancin masu dalma suna buƙatar aƙalla ƙafa 1,800 a sakan kafin su buɗe. Na jan ƙarfe, ko da kamfani ya faɗi ƙasa da haka, gara ka riƙe 2,000.

Siffar harsashi ce ke nuna yadda yake riƙe gudunsa, kuma ana auna ta da lambar BC: in ta yi sama, iska ba ta cin sa sosai. Ɗauki .30-06 da giren 180, gudun fita 2,700. Mai tsini wanda lambarsa ta kai wajen .500 yana isa yadi 300 da kimanin 2,190, yadi 400 da kimanin 2,030, yadi 500 da kimanin 1,880. Mai dunƙulallen baki, nauyi ɗaya, gudun fita ɗaya, yana isa yadi 200 da kimanin 2,020, kafin yadi 300 ya riga ya faɗi ƙasa da 1,800. A cikin duhuwa wannan bambanci ba ya nufin komai, dunƙulallen ma yana da kyau ƙwarai a can. A buɗaɗɗen tsauni kuwa shi ke raba harbin da ya dace da wanda bai dace ba.

Ka duba teburin kamfanin, ko ka sa lambobin a manhajar lissafin harbi a waya, ka gano yadin da gudun ya sauka zuwa mafi ƙaranci. Wannan ce iyakar harsashin. Kwatanta ta da iyakarka da ka rubuta a mataki na biyu, ka riƙe wadda ta fi kusa. Mafarauta da yawa suna ƙara wata ƙa'idar, cewa ƙarfin duka kada ya gaza 1,500 ft-lb ga elk. Ba doka ba ce, amma ma'auni ne mai amfani, kuma da shi Creedmoor mai giren 143 ke ƙarewa kafin yadi 400.

Duba ɗaya ɓangaren ma. Idan bindigarka magnum ce, kuma akwai yiwuwar harbi a yadi 50, harsashin zai isa da gudun da ya kusa 2,900. Nan sai manne, ko mai katanga, ko jan ƙarfe.

Mataki na shida: zaɓi don kusurwa mafi wuya da za ka yarda ka harba

Idan elk ya tsaya ya ba ka gefensa sosai, wurin huhu da zuciya ya kai faɗin faifai babba. Ka bi bayan ƙafar gaba ka hau kashi ɗaya bisa uku na kaurin ƙirji, nan ne. Fata, haƙarƙari, huhu, huhu, haƙarƙari, fata. Kusan kowane harsashi mai kyau zai yi wannan. Amma dabba ba ta cika tsayawa yadda ake so ba. In ya ɗan juya maka baya, harsashin zai shiga ta bayan haƙarƙari, wataƙila ya ratsa gefen tumbi cike da jiƙaƙƙiyar ciyawa, kafin ya kai ƙirji. In ya ɗan fuskance ka, sai ya karya kafaɗar kusa tukuna. A nan ne bambancin kuɗin harsashi ke fitowa.

Ni ina cikin masu son rami biyu. Ramin shiga ƙarami ne, gashi da kitse kan toshe shi. Ramin fita shi ke zubar da jini a ƙasa, kuma ko elk ɗin da aka samu a huhu biyu yana iya gudun yadi 100 cikin itatuwa kafin ya faɗi. Da magariba, a kan busasshen ganye, ga sawun garke ko'ina, jinin nan ne zai kai ka wurinsa. Harbin da ya zo daga baya tsaf, ko dabba na gudu a nesa, babu harsashin da zai halatta shi. Ga Musulmi kuma, ya ambaci sunan Allah lokacin da zai danna kunama, in ya tarar da dabbar da sauran rai ya yanka ta.

Mataki na bakwai: bari bindigarka ta yi zaɓin ƙarshe

Daga abin da ya wuce, ka fitar da iri biyu ko uku da suka cancanta, ka sayi kwali ɗaya-ɗaya. Bindigogi biyu daga masana'anta ɗaya ma kan bambanta a abin da suke so.

Wanke bututun sosai kafin ka fara, musamman idan za ka koma na jan ƙarfe. Harba biyu na share fage, sannan ka yi uku-uku a yadi 100 daga kan benci, kana barin bututun ya huce tsakani. Maimaita sau uku ga kowane iri, domin rukuni ɗaya mai kyau yana iya zama dace. Wanda ya tattara harbinsa cikin inci ɗaya da rabi ya isa elk har yadi 300 da ɗoriya. Kada ka bar harsashi mai tauri don wani mai laushi ya fi shi tattarawa da rabin inci. Ka lura ƙwarai da harbin farko daga bututu mai sanyi, shi ne wanda za ka yi a daji.

In ka samu na'urar auna gudu, yi amfani da ita. Kamfanoni galibi da bututu mai inci 24 suke gwaji, kuma bindiga mai inci 22 ko 20 kan ba da ƙasa da abin da aka rubuta. Gyara lissafin mataki na biyar da lambar gaskiya. Sannan ka saita madubin hangen da ke kan bindigar a yadi 200. Da .30-06 da giren 180 mai tsini, hakan zai sa harsashi ya hau kimanin inci 2 a yadi 100, ya sauka inci 8 zuwa 9 a yadi 300. Harba a yadi 300 ɗin ka gani da idonka.

Ka kula da dukan da bindigar ke yi wa kafaɗarka. Idan ka fara runtse ido ko fizgar kunama kafin ta tashi, nauyin ko bindigar ta fi ƙarfinka. Sauka. Giren 165 daga .308 a huhu ya fi giren 250 daga .338 a tumbi nesa ba kusa ba.

Da ka tsai da guda, sayi kwali uku ko huɗu masu lambar rukunin ƙira ɗaya, wadda ake bugawa a murfin kwalin. Gwada ɗura kowane ɗaya da za ka tafi da shi, a filin harbi, baki na kallon inda babu kowa, ka tabbata yana shiga yana fita sumul. Da ka isa sansani ka sake gwada saitin, domin tafiya da sanyi da tsawon dutse duk suna iya gusar da shi.

Maganar dalma

Harsashi mai dalma da ba a manne ba yana barin ƙananan ɓurɓushi a nama, wasu ido ba ya gani, kuma suna bazuwa nesa da ramin. Gaggafa da babbar ungulun nan kondo suna mutuwa idan suka ci kayan cikin da aka bari a daji, abin da ya sa Kalifoniya ta yi dokarta ke nan. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi wa yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani kan haɗarinta ga ƙananan yara da masu juna biyu. In naman gida za a kai, ko dai ka zaɓi jan ƙarfe, ko ka yanke nama da yalwa kewaye da hanyar harsashin ka zubar, kada ya shiga cikin wanda za a niƙa.

Idan dabbar ba elk ba ce

Harsashin da ya isa elk ya isa mus, duk da ya fi girma, domin mus bai kai shi gudu bayan harbi ba. Ƙananan barewa ba sa buƙatar tauri haka, mai laushi da sauƙin nauyi ya fi saurin kayar da su. A wuraren da babban beyar nan girizli ke yawo, a Montana da Wayomin da Aidaho, yawancin mafarauta kan zaɓi mafi nauyi da tauri da bindigarsu ke harbawa da kyau.

A Afirka ma lissafin bai canja ba. A yankunan farauta masu lasisi na arewacin Kamaru, kewayen gandun dajin Binuwai da Faro, gwanki yana faɗuwa da abin da elk ke faɗuwa da shi. Amma babbar dabbar nan dangin gwanki da ake kira Derby eland, wadda kan kai kilo 900, da ɓauna, sai a haura zuwa .375 H&H, bindigar da ta fito a 1912, da giren 300, wanda lambar nutsawarsa .305. Ƙasashe da yawa ita suka sa a matsayin mafi ƙaranci ga dabbobi masu haɗari. Ga ɓauna, al'adar ita ce na farko ya zama mai buɗewa mai tauri irin A-Frame ko TSX, na bayansa kuma daskararru marasa buɗewa, don bin dabbar da ta juya baya ko ta taso.

Bayan ka kayar da dabba, kada ka yi gaggawar wucewa wajen fiɗa. Bi hanyar harsashin da wuƙa: ina ya shiga, wane ƙashi ya karya, huhu nawa ya ratsa, yaya faɗin ramin fita. In bai fita ba, shafa fatar ɗaya gefen, sau da yawa za ka ji shi a ƙarƙashinta. Ciro shi, wanke shi, ka auna nauyinsa, ka rubuta tare da nisan harbin da kusurwarsa da yadin da dabbar ta yi kafin ta faɗi. Idan ka tarar da riga a wuri ɗaya, dalma a wani wuri, to shekara mai zuwa ka ƙara tauri ko nauyi. Idan bakin bai buɗe sosai ba, rage nisa ko ka koma wanda ya fi laushi.